Lamba Biyu a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Yayana Orrin mutum ne mai mita. Idan ya kira ni da safe, sai ya yi minti ashirin yana ƙorafi a kan gwiwarsa, da tsadar man dumama ɗaki, da maƙwabcinsa mai turo masa ƙanƙara bakin gareji. A da, ajiye wayar nake yi a kan tebur in ci gaba da wanke-wanke, ina amsa masa da "uhm" daga nesa. Tun Fabrairun bara na daina. Yanzu zama nake yi in saurare shi har ya gaji don kansa, kuma wallahi daɗi nake ji, domin ƙiris ya rage in yi sanadin mutuwarsa, ni Marlys, ƙanwarsa ɗaya tilo.

Asabar ta farko a Fabrairu, kowace shekara, muke hawa kwarin Tamarack zuwa tsohuwar bukkar katako ta Babanmu. Mota ba ta zuwa can da hunturu. Sai dai mu ɗaura takalman ƙanƙara, masu faɗin nan kamar faifai, mu yi ta ɗibar hanya awa uku, mu ci abinci a bakin ƙofa, mu juyo. A da mu uku ne, da mijina Wendell. Da zuciyarsa ta tsaya shekara uku da suka wuce, sai Dozer ya zama na ukunmu. Dozer baƙin kare ne mai ƙaton kai da ƙaramin hankali, Wendell ne ya kawo shi cikin aljihun kwat yana ɗan jinjiri, wata biyu kafin ya rasu. A gadona yake kwana, kuma duk wanda abin ya dama ya sha ruwa. Orrin ba ya kirana da sunana idan karen yana kusa, sai dai "uwar Dozer".

Orrin ya yi shekara ashirin da biyu cikin 'yan sa-kai masu tono mutane idan dusar ƙanƙara ta zaftare, saboda haka dokokinsa sun fi na coci yawa. Ba a hawa sai kowa da shebur a jaka, da sandar ƙarfe mai naɗewa, da na'ura ɗaure a ƙirji ƙarƙashin kwat. Na'urar tana ta aika alama ne a ɓoye. In ƙanƙara ta binne mutum, wanda ya tsira sai ya juya tasa zuwa nema, ta nuna masa kibiya da lambar mitocin da suka rage. Wanda ta binne yana da kamar minti goma sha biyar, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Dokar da ta fi ba ni haushi ita ce ba a ɗaura wa kare na'urar. Na taɓa tambayarsa sau ɗaya, a kicin ɗinsa, matarsa Joleen tana yanka albasa. Ya ce na'ura ba ta san mutum ba, ba ta san kare ba, duk ɗaya take nuna su, kuma shi ba zai yarda wani ya ƙare mintocinsa yana tono dabba ba alhali ɗan wani yana shaƙewa a gefe. Na ce ai mu biyu ne kawai a kwarin nan. Ya ce ko mu biyu ne, kare kare ne. Na tashi na bar masa kofinsa ban sha ba.

Ita kuwa na'urar Wendell tana nan cikin durowa, da sunansa rubuce a jikin tef ɗin da ya manna mata. Na yi sati ina kallonta. Daga baya na ɗauko rigar sanyin Dozer, mai ruwan lemo, na ɗinka mata aljihu daga ciki, daidai kafaɗa, na sa sabon batir na cusa ta. Ban yi cikin rashin sani ba. Na ji dalilin Orrin, na fahimce shi sarai, na yi kunnen uwar shegu da shi, don na riga na binne Wendell kuma ban ga zan iya binne karen da ya bar mini ba.

Ranar mun isa ƙarshen kwalta da ƙarfe takwas da rabi, a tsohuwar a-kori-kurar Orrin. Kwana uku ana zuba ƙanƙara da iska, amma safiyar ta waye tas. Kamar kullum, ya tsaya a bakin hanya ya juya na'urarsa zuwa nema, na wuce ta gabansa ta yi ƙara, sannan ni ma na gwada tasa. Ta Dozer a kashe take. Sai da muka gama, Orrin ya juya yana faɗa da igiyar takalminsa, na durƙusa kamar ina sa wa karen safa, na zura hannu cikin rigar na kunna.

"Uwar Dozer, ki sa masa hula ma mana," in ji Orrin. "Kada ɗanki ya yi mura."

"Kai dai ka ji da gwiwarka, tsoho. In ta ƙi a hanya ba mai goya ka."

Hawan ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Orrin yana gaba yana fasa hanya, yana nitsewa har ƙauri duk da faɗin takalman, ni ina bin sawunsa, Dozer yana tura ƙanƙara da ƙirji kamar buldoza yana fitowa da farin gemu. Rassan bishiyoyi sun yi nauyi sun sunkuyo. Orrin ya yi mitar jakarsa, ya yi mitar Joleen da ta cika masa yajin mustad a burodi, ya yi mitar wasu 'yan birni da suka taka hanyar ba takalma makon da ya wuce suka bar ramuka ko'ina. Lokaci-lokaci yana soka sandarsa cikin ƙanƙarar yana jin yadda ta kwanta. Ya ce ba ta yi masa daɗi sosai ba, amma za ta yi.

Wuri ɗaya ne a hanyar da ake tsoro, wani kwazazzabo mara bishiya da Babanmu yake kira Maƙogwaro. Faɗinsa bai fi taku sittin ba. Ɗaya bayan ɗaya ake haye shi, wanda ya rage yana kallo, don kada a haɗu duka a ciki. Ni na fara, Dozer a bayana. Na isa ɗaya gefen cikin bishiyoyi, na ɗaga wa Orrin hannu, ya shigo. Aikina a lokacin in riƙe wuyan karen, amma na cire safar hannu ina gyara tabarau, shi kuwa da ya hango Orrin a tsakiya sai ya kwasa da gudu ya koma don ya tarye shi.

Na ji wani "wum" a ƙarƙashin ƙafata, kamar an jefar da katifa a ɗakin sama. Wani layi ya tsage a saman kwazazzabon, daga gefe zuwa gefe, sai duk gangaren ya fara tafiya. Na ga Orrin ya juyo, na ga jar hularsa, na ga ruwan lemon rigar Dozer a samansa kaɗan. Daga nan farar ƙura ta rufe komai. Ƙanƙarar ba ta kai ko daƙiƙa goma tana tafiya ba ta tsaya, can ƙasa inda kwazazzabon ya kwanta, wurin ya yi tsit. Na kira Orrin sau biyu, na kira Dozer. Ba hula, ba sanda, ba takalmi, ba komai a sama.

Kowace Nuwamba Orrin yakan kai ni filin makaranta ya binne na'ura cikin tsohuwar jaka ya sa ni nema, yana tsaye da agogo yana ce mini kunkuru. Na tsani wannan atisayen, amma shi ya motsa hannuwana ranar, don kaina ba ya aiki. Na dubi agogo, sha ɗaya da minti ashirin. Na gangara ta gefe har na kai inda ƙanƙarar ta taru, na zaro na'urata na juya ta zuwa nema. Ta yi ƙara, ta nuna mini mutum biyu. Ɗaya mita goma sha huɗu, ɗaya talatin da ɗaya.

Ga abin da Orrin ya faɗa mini a kicin, kalma bayan kalma, yana kallona daga tafin hannuna. Lamba biyu ne, babu suna a jikin ko ɗaya. Na yi ƙoƙarin tunani: kare ba shi da nauyi, ƙila ya yi nisa. To amma shi ne a sama, ƙila ya tsaya kusa. Takalman Orrin za su ja shi ƙasa su riƙe shi da wuri, ko kuma a'a. Ban sani ba, kuma duk daƙiƙar da na tsaya ina wannan lissafin daga numfashin yayana nake ɗiba. Abin da aka koya mini shi ne a fara da na kusa, sai na bi kibiyar.

Ƙanƙarar da ta zaftare ba irin mai laushin nan ba ce. Da ta tsaya take daskarewa, dunƙule-dunƙule kamar fasasshen siminti, kuma gudu a kanta da takalma masu faɗi wahala ce. Na faɗi sau biyu. Lambar ta sauko, takwas, biyar, biyu, har ta tsaya ƙasa da ɗaya. Na warware sandar ƙarfen na soka, na sake sokawa, a karo na huɗu ta taɓa abu mai laushi. Na cire takalman na yar, na ɗauki shebur, ina sara ina cewa Allah ka sa Orrin ne, Allah ka sa Orrin ne.

Launin ruwan lemo na gani. Ni na ɗinka aljihun rigar nan da hannuna, amma ban taɓa tsanar wani abu a duniya kamar yadda na tsane ta a lokacin ba. Na yi ihu, ban san me na ce ba. Na tone kan karen da hannu, na share masa hanci, ya ja numfashi ya fara kuka a hankali. Dole in kai ga aljihun in kashe na'urar, in ba haka ba za ta yi ta jan tawa baya, sai na ƙara tonowa har kafaɗarsa. Na kashe ta. Rabin jikinsa yana cikin ƙanƙara, yana kallona yana kuka, na juya masa baya na tafi. Agogo ya ce sha ɗaya da ashirin da bakwai, kuma biyar daga cikin mintocin nan a kan Dozer suka tafi.

Sauran ban iya tuna shi a jere. Na san na yi rarrafe a wani wuri don ba takalma a ƙafata. Na san sandar ta same shi a zurfin da ya kusa kai ƙuguna. Na fara tono daga ƙasan gangaren kamar yadda ya koya mini, ina sara ina turawa baya, hannuwana suka mutu, na ci gaba da su a mace. Shekarata hamsin da takwas, aikina tuƙa motar 'yan makaranta, ban san ina da wannan ƙarfin ba. Ina tono ina tunanin Joleen, da yadda zan tsaya a ƙofarta in ce mata na tono kare kafin mijinta. Jakarsa na fara samu, sai kafaɗa, sai gwiwar hannunsa da ya kare fuska da ita. Fuskar ta yi toka-toka, leɓunan sun yi shuɗi. Na sa yatsa na kwashe ƙanƙarar da ke bakinsa, na kira sunansa, na mare shi.

Sai ya yi wani minshari, irin mai munin nan da Joleen ta yi shekara arba'in tana ƙorafi a kai. Ya sake yi. Ya yi tari, ya buɗe ido ɗaya, ya daɗe yana kallona kamar bai san ni ba.

"Kin sare mini kunne da shebur," ya ce, muryar da ƙyar take fita.

Na zauna daɓas a cikin ramin na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa dariya. Kunnen kuwa da gaske jini yake yi. Na riƙe kansa da hannu biyu ina cewa Yaya, Yaya, sunan da rabon da in kira shi da shi tun muna yara. Agogo ya ce sha ɗaya da talatin da shida.

Duk wanda ya ji labarin nan a gari sai ya tambaye ni ko karen ne ya gano Orrin, don mutane suna son irin wannan. To ba shi ba ne. Dozer ya ƙwaci kansa ne da kansa, ya zo yana rawar sanyi ya shiga ramin ya zauna a kan ƙafafun Orrin da nake ƙoƙarin tonowa, kuma da na buɗe jakar don in ɗauko busasshiyar riga, ya sace burodin nan mai mustad ya cinye. Iyakar taimakon da ya yi ke nan.

Na ja Orrin zuwa cikin bishiyoyi, nesa da bakin kwazazzabon. Idon sawunsa ya gurɗe, haƙarƙari biyu sun tsage, takalmi ɗaya ya tafi sai ƙanƙara ta narke da bazara. Na aika saƙo ga 'yan sa-kai ta ƙaramar na'urar kiran agaji da ke jakata, suka amsa cewa sai nan da awa ɗaya da rabi. Na canza masa riga, na shimfiɗa masa rassa, na naɗe shi da bargo, na karya busassun ƙirare na hura wuta. Rana ta faɗo daidai inda muke. Na zuba masa kofi daga fulas, na riƙe masa kofin. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum yana shan abu kamar ranar ba. Kowace kurɓa sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Launi ya fara dawo masa, ya ce kofin ya yi sanyi kuma sukari ya yi yawa, na ce masa to, gobe zan gyara.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa sai ya fara abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba, wato yabo. Ya ce laifinsa ne, shi da ya ji ƙanƙarar ba ta yi masa ba tun a ƙasa ya kamata ya juya da mu, kuma kada in ɗora wa karen, gangaren a shirye yake ya zaftare ko da tsuntsu ne ya sauka a kansa. Ya ce mace ɗaya, ita kaɗai, ta tono ƙato kamarsa, ai samarin ƙungiyarsu ma sai su yi koyi. Ya ce zai gaya wa Joleen, zai gaya wa kowa a coci. Dozer yana kwance a jikinsa, shi da ba ya barin kare ya taɓa masa wando, yana shafa masa kai.

Na'urar a kashe take cikin rigar. Da na so, sai in bari a dawo gida in farke aljihun in mayar da ita durowa, ba wanda zai taɓa sani. Na yi wannan tunanin, ba zan yi ƙarya ba, na yi shi har sau biyu. Amma yabon nan ya fi mini zagi zafi. Na jawo Dozer, na zura hannu na ciro ta, na ɗora a tafin hannun Orrin.

Ya juya ta, ya ga sunan Wendell a jikin tef. Ya dubi rigar karen, ya dube ni. Na shirya wa wankin babban bargo, na ma fi son ya yi, amma bai ɗaga murya ba.

"A kunne take lokacin?"

"A kunne."

"Wa kika fara tonowa?"

"Shi. Shi ne a kusa. Ban san wane ne ba, Yaya, wallahi ban sani ba."

"Minti nawa ya ci?"

"Biyar."

Ya mayar da idonsa kan wutar. Sannan ya ba ni labarin abin da ya yi a ƙasa, a hankali, yana tsayawa saboda haƙarƙarin. Ya ce bai iya motsa ko yatsa ba, sai ya kama ƙirga, don ya san saurina a filin makaranta, ya san wajen minti goma zai ji shebur a kansa. Goma ta wuce bai ji komai ba. Ya ce a nan ne tsoro ya kama shi, don ya ɗauka ni ma ta tafi da ni, kuma shi ne ya kawo ni. Ya ci gaba da ƙirgar duk da haka, har lambobin suka fara ruɗe masa, ya ji wani barci mai daɗi yana zuwa.

Na ce masa ya yafe mini. Na faɗa sau uku ko huɗu, hawaye suna daskarewa a kumatuna. Ya miƙo hannu ya ja mini hula ta rufe ido, yadda yake yi mini muna yara, na ɗaga ta na ga shi ma idonsa ya yi ja.

"Minti biyar ɗin nan ashe ina da su," ya ce. "Na bar masa, ya ci lafiya. Amma Marlys, na je har inda suka ƙare na gani. Babu na shida."

Ya zuge zif ɗin kwat ɗinsa ya sa na'urar Wendell a aljihun ciki, ban ce ya ba ni ba. Can ƙasa a kwarin muka fara jin ƙarar baburan ƙanƙara na 'yan sa-kai suna hawowa. Dozer ya ɗaga kunne, na riƙe wuyansa gam da hannu biyu, Orrin ya miƙo mini kofin ya ce in ƙara masa ko da ya yi sanyi.